Sanin gida ya shiga jami'a

   Wanda ke riƙe da wannan takarda ya karanta sannu a hankali, ya ɗaga murya don na kusa da shi su ji.

Hirarmu ta yau a kan wani baƙo ce da kuka sani. Wani lokaci saurayi ne, wani lokaci budurwa. Yakan zo da kaye da alƙalami, da salula ta ɗaukar magana. Yakan sauka gidan maigari, ya ce daga jami'a yake. Sai ya shiga tambaya: Wa ya kafa garin nan? Wane irin hatsi kuke shukawa? Da wane icce kuke maganin gudawa?

Wasu sukan yi mamaki, su ce: wannan yaro ya shekara goma sha biyar yana karatu, me zai koya wurin wanda bai taɓa shiga lakol ba? Wasu sukan ji tsoro, su zaci maganar haraji ce. Wasu kuma sukan faɗa mashi kome, ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

To, yau za mu amsa tambaya uku. Me yake nema? Me ake yi da abin da kuka faɗa? Mene ne haƙƙinku a ciki?

Mece ce jami'a, mene ne bincike?

Jami'a ita ce makaranta ta ƙoli. Wasu suna ce mata iniversite. Can ake horar da likitoci, da malaman gona, da alƙalai, da malaman makaranta. Ta farko a ƙasarmu an aza harsashinta a Yamai a shekarar 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni. A 2010 aka buɗe wasu a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa.

Aikin jami'a biyu ne: koyarwa da bincike. Bincike shi ne mutum ya yi tambaya, ya duba da idonsa, ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya rubuta abin da ya gano don wasu su duba ko gaskiya ne.

Ku ma kuna bincike. Manomin da ya shuka iri biyu a gona ɗaya don ya ga wanda ya fi jure fari, bincike ya yi. Makiyayin da ya lura da hakin da ke kumbura cikin saniya, bincike ya yi. Abin da aka tara ta wannan hanya tun kaka da kakanni shi muke kira sanin gida. Shi ya sa kuke bambanta jigawa da geza da fadama da fako. Shi ya sa in kun ga shamuwa ta iso, kun san damana ta kusa. Shi ke hannun ungozoma, da maƙeri, da marini, da maginin rijiya.

A zamanin mulkin mallaka, lakol ba ta ɗauki wannan a bakin ilimi ba. Yaron da ya yi Hausa ko Zabarmanci cikin aji, hukunta shi ake yi. Aka taso da tunanin cewa ilimi daga waje yake zuwa, a cikin littafin Faransanci.

Amma ku dubi mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. An haifi Abdu Mumuni a Tasawa a 1929. Babban masani ne na ƙarfin hasken rana. A 1964 ya buga littafi a kan ilimi a Afirka. Da me ya fara? Da tarbiyyar gargajiya: yadda yaro ke koyon aiki a gona da maƙera, yadda yake koyon magana da ladabi a gida. Ya kuma nemi a koyar da yaran Afirka da harsunansu. Wanda ya kai ƙarshen boko ne ya faɗi haka.

Tarihi daga bakin tsofaffi

Wurin da sanin gida ya fara shiga jami'a shi ne tarihi. A da, wasu Turawa sun ce Afirka ba ta da tarihi, wai don ba a rubuta shi ba. Maganar ta ɓaci ta fuska biyu. Da farko, an rubuta: malamanmu sun bar takardu da Larabci da ajami. Na biyu, abin da ba a rubuta ba yana nan a kan tsofaffi, da maroƙa, da makaɗan fada.

Bubu Hama, wanda aka haifa a 1906 a yankin Tera, ya rasu a 1982, ya ba da rayuwarsa ga wannan aiki. Malamin makaranta ne, daga baya ya shugabanci majalisar dokoki. Ya tattara labaran tsofaffi, ya tattara tsofaffin takardu. Waɗannan takardu su ne tushen ma'ajiyar da ke Yamai, a cibiyar bincike ta jami'a da ake kira IRSH. Akwai takardu wajen 4,000 a wurin. A 1968 kuma aka kafa wata cibiya a Yamai don ɗaukar tarihin baka na ƙasashen Afirka. Yau sunanta CELHTO, tana ƙarƙashin Tarayyar Afirka.

Andre Salifu ya buga tarihin Damagaram a 1971. Jibo Hamani ya buga tarihin Adar a 1975. Dukansu sun zauna gaban tsofaffi, sun saurara, sun rubuta. Yau jami'ar Damagaram sunan Andre Salifu take ɗauke da shi, ta Tawa kuma sunan Jibo Hamani.

Yaya mai binciken tarihi ke aiki? Ba ya tsayawa kan bakin mutum ɗaya. Ya san maroƙi yakan ƙara ma ubangidansa gishiri. Ya san jikan wanda ya ci yaƙi da jikan wanda aka ci, labarinsu ba ya zama ɗaya. Don haka yakan je fada, ya je unguwar maƙera, ya je wurin tsofaffin mata, ya je rugar makiyaya. Sannan ya gwama abin da ya ji da takardun malamai, da rubutun matafiya irin su Bart, Bajamushen nan da ya biyo ta Tasawa a 1851. Inda bakuna suka haɗu, sai ya ce wannan ya tabbata. Inda suka saɓa, sai ya rubuta duka biyu, ya faɗi wanda ya gaya mashi kowanne.

Hatsin da ke cikin rumbunku

Yanzu mu koma gona. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, an kafa ta a 1975. Mutanen Maraɗi sun san gonarta ta Tarna. Da yawa cikinku kun shuka irin hatsin da ake kira HKP. Daga ina ya fito? Daga wani iri na gida da Zabarmawa ke kira haini kire, wato jan hatsi. Masu bincike suka yi ta zaɓen mai saurin nuna a cikinsa. Zatib ma, a cikin iyayensa akwai zanfarwa. Irin zamani ɗan irin gida ne. In na gida ya ɓace, mai bincike ba shi da abin da zai yi aiki da shi.

Ga wani labari da ya kamata kowane manomi ya sani. A 1976 masu bincike suka zagaya ƙasarmu, suka karɓi irin hatsi daga hannun manoma, suka adana. A 2003 aka koma garuruwa 79 cikin waɗanda aka je da farko, aka sake karɓar iri. Tsakanin shekarun nan biyu an sha fari, har da babbar yunwa ta 1984. Ana tsammanin iri da yawa sun ɓace.

Sai aka shuka na 1976 da na 2003 gefe da gefe a gonar gwaji. Me aka gani? Ire-iren hatsi suna nan, manoma ba su yar da su ba. Amma na 2003 ya fi saurin fidda kai, zangarniyarsa kuma ta ɗan fi gajarta. An buga wannan sakamako a 2011.

Yaya haka ta faru? Damana ta gajarta. Hatsin da ya nuna kafin ruwa ya ɗauke shi ya ba da tsaba. Manomi kuma, kowace kaka, yakan ware zangarniyar da ta fi cika, ya aje ta don iri. Shekara bayan shekara, hatsi ya daidaita da sabon yanayi. Hannunku ya yi wannan aiki. Amma ido ba ya ganin canjin da ke tafiya sannu cikin shekara 27. Sai da aka adana iri, aka rubuta sunan gari da shekara, aka auna, sannan abin ya fito fili.

Gawo, sassabe da tassa

Kowane manomi ya san hatsi ya fi kyau a gindin gawo. Tsofaffin Damagaram suna ba da labari cewa a zamanin sarakunan da, sare gawo babban laifi ne mai hukunci mai tsanani. Da masu bincike suka duba, sai suka ga dalili. Gawo yakan zubar da ganye da damana, don haka ba ya tare ma shuka rana. Saiwarsa da ganyensa suna ƙara ma ƙasa ƙarfi. Da rani dabbobi suna hutawa a inuwarsa, suna cin ƴaƴansa, suna barin taki.

Duk da haka, an yi zamanin da ake gaya ma manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal, babu icce ko ɗaya. Dokar daji ta lokacin kuma ta mai da itatuwa na gwamnati. Manomi yana tsoron tara in ya taɓa iccen da ke gonarsa, sai ya gwammace kada ya bar shi ya girma. Bayan farin 1973 aka kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa. Mafi yawansu suka mutu.

A 1983, wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Toni Rinaudo, da ke aiki a jahar Maraɗi, ya tsaya ya dubi ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara: sabara, kalgo, geza, magarya. Ya gane ba haki ba ne. Itatuwa ne da aka sare, kututturensu na da rai, saiwarsu ta yi nisa cikin ƙasa. Maimakon a sassabe duka, sai a zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a gyara su, a cire sauran. Tun da saiwa ta riga ta kafu, iccen yakan tashi da sauri, ba ban-ruwa, ba kuɗi. Wannan shi ne sassaben zamani. Renon icce a gona ba baƙon abu ba ne wurin manoma. Su suka gwada, suka gyara dabarar, suka koya ma juna daga gari zuwa gari.

An ɗauki shekaru kafin masana su farga da girman abin. Daga baya malaman jami'ar Yamai, cikinsu har da Mahaman Larwanu, tare da wasu masana na waje, suka gwama hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da na tauraron ɗan Adam bayan shekara kamar 30. Suka shiga gonaki suka ƙirga itatuwa, suka yi hira da manoma. A Magariya, Matamai da Mirya suka tarar da gawo birjik. Ƙiyasinsu shi ne: hekta wajen miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. Doka ma ta canza. An yi sabuwar dokar daji a 2004, sannan a 2020 aka fitar da doka ta musamman a kan sassaben zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan iccen da ya rena.

Mutanen Tawa kuma sun san tassa. A 1989 manoma 13 na Illela suka je Yatenga, a Burkina Faso. Suka ga yadda ake gina ƴan ramu a fako, a zuba taki, gara ta huda ƙasa, ruwa ya zauna. Suka dawo suka gyara tasu tassar, fako ya koma gona. Manomin da ya fi yin suna da wannan aiki a Yatenga shi ne Yakuba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023. Masana daga ƙasashe da yawa sun je gonarsa neman sani. A 2018 aka ba shi babbar kyauta ta duniya a ƙasar Suwidin, shekara ɗaya da Toni Rinaudo.

Daga irin waɗannan darussa hanyar bincike ta fara canzawa. A da, mai bincike yakan shirya tambayarsa a ofis, ya zo ya kwashi amsa, ya tafi. Yau akwai masu zama da mutanen gari tun farko, su tambaye su abin da ya dame su. A yi gwaji a gonar manomi, manomi ya ba da hukunci, mata su daka su dafa su faɗi irin da ya fi daɗin tuwo da fura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gado ma sai an gwada shi

Jama'a, kada ku ji wannan ku ce duk abin da aka gada gaskiya ne. Cikin gado akwai tsaba, akwai dusa. Gwaji ne ke sheƙe su.

Ga misalin tsaba. Maganin masassarar cizon sauro da ake ba ku yau a gidan likita, asalinsa daga wani haki ne na ƙasar Sin, dangin tazargade. Wata mai bincike, Tu Yuyu, ita da abokan aikinta sun tattara magungunan gargajiya fiye da 2,000. Sun dafa wannan haki, bai yi aiki sosai ba. Sai ta koma ga wani littafi da aka rubuta shekara fiye da 1,600 da suka wuce. Littafin ya nuna jiƙa hakin ake yi cikin ruwa a matse, ba a tafasa shi. Ta gane zafi ne ke kashe ƙarfin maganin. A 1972 suka fitar da sinadarin, aka gwada shi, aka auna yawan da ya kamata a sha. Ya ceci rayuka miliyoyi. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ku lura: cikin magunguna 2,000, sai da aka tace. Kuma ƙwayar likita an auna ta, jiƙo kuwa ba wanda ya san ƙarfinsa. Yaro in ya yi masassara, a kai shi gidan likita.

Ga misalin dusa. A wurare da yawa ana matse dakashi, nonon farko mai rawaya, a zubar, wai yana cutar da jinjiri. Da aka bincika, sai aka ga dakashi shi ne rigakafin farko na jinjiri, yana kare shi daga gudawa da wasu cututtuka. A nan al'ada ta yi kuskure. A ba jinjiri nono da zarar an haife shi.

Kun gani ke nan. A kan share gona, masana ne suka kuskure. A kan dakashi, gida ne ya kuskure. Ba a tambayar ko magana ta tsoho ce ko ta ɗan boko. Abin tambaya shi ne: an gwada? Gani ya kori ji.

Mai abu da abinsa

Saura tambaya ta uku: haƙƙinku. Sani dukiya ne, kuma ana iya ɗauke shi.

Kun san dogon yaro, wanda ke ƙofar gidajenku, wanda aka dasa layi-layi a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska. Asalinsa daga Indiya ne. Mutanen can sun daɗe suna amfani da shi wajen kare shuka. A 1994 wani kamfanin Amurka ya samu takarda a Turai, mai cewa shi ya ƙago hanyar kashe cutar shuka da man dogon yaro. Mai irin wannan takarda, duk wanda zai yi sana'ar sai da izininsa. Mutanen Indiya da magoya bayansu suka kai ƙara. Suka kawo shaida cewa ana yin haka a ƙasarsu tun kafin kamfanin. A 2000 aka soke takardar, a 2005 aka tabbatar da sokewar. Shaida ce ta cece su.

A 2010 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Nagoya na Japan. Ta ce: wanda zai ɗauki iri, ko icce, ko sanin jama'a a kansu, sai ya nemi yardarsu tukuna, bayan ya bayyana masu nufinsa. In an samu amfani, a raba da su. Nijar ta shiga wannan yarjejeniya a 2014.

Don haka in mai bincike ya zo, ku karɓe shi da mutunci. Sau da yawa ɗanku ne, kuma aikinsa zai amfani ƙasa. Amma ku yi mashi tambaya biyar:

1. Wane ne kai, wace makaranta ta aiko ka, ina takardarka?
2. Me za ka yi da maganarmu, da hotonmu, da irinmu?
3. Za ka sa sunan garinmu da sunan wanda ya faɗa maka? Wanda ba ya so a faɗi sunansa, za ka sakaya shi?
4. Yaushe za ka dawo ka gaya mana abin da ka gano, da harshen da muke ji?
5. In abin ya kawo kuɗi, mene ne rabon gari?

Ku rubuta amsarsa, da sunansa, da ranar da ya zo. In ya kawo takarda a sa hannu, ku karanta tukuna. In da Faransanci take, a fassara maku kafin kowa ya dangwala yatsa. Kuna da ikon cewa a'a. Mai magani ko wanzami da ke da sirrin gidansu, ba dole ba ne ya faɗa. In an nemi iri, ku ba da kaɗan, ku riƙe naku.

Ku ma akwai haƙƙinsa a kanku. Ku faɗa mashi gaskiya. Kada ku faɗi abin da kuke zato yana son ji. Kada ku ƙara yawan asara don kuna tsammanin taimako. Abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Ƙarya ɗaya in ta shiga littafi, jikokinku za su karanta ta a lakol a matsayin gaskiya. Kuma a bar mata su yi magana da bakinsu. Sanin ganyen miya, da adana iri, da renon yara, da kiwon awaki, mafi yawansa yana wurinsu.

Aikin da ke gabanku

Ƴan uwa, a da sai kun jira wani ya zo ya rubuta maku. Yanzu alƙalami yana hannunku. Kowace shekara muna binne tsofaffi, kowane tsoho kuma yana tafiya da abin da ba a tambaye shi ba. Samari suna tafiya ci-rani, hirar dare ta ragu. In ba ku rubuta ba, wa zai rubuta?

Kowace cibiyar karatu ta sayi kaye ɗaya, a rubuta a bangonsa: Kayen sanin garinmu. A kowane shafi a sa abu biyar: ranar da aka rubuta, sunan wanda ya faɗa, wurin wanda shi ya koya, abin da ya faɗa, da sunan wanda ya rubuta. Ku rubuta maganar yadda ta fito daga bakinsa, kada ku gyara. In kun gama, ku karanta mashi, ya ce haka ne ko ba haka ba.

Ku fara da abu mai sauƙi. Sunayen ire-iren hatsi, dawa da wake na garinku, da kwana nawa kowanne ke yi kafin ya nuna. Sunayen itatuwan da ke dajinku a da, waɗanda yanzu babu. Sunayen rijiyoyi, da wanda ya gina su, da gaba nawa ne zurfinsu. Sunayen shekarun yunwa, da abin da mutane suka ci suka rayu. Jerin masu garin tun daga na farko. Kada ku damu in rubutunku bai miƙe ba tukuna. Bubu Hama ma da baƙi ɗaya ya fara.

Sannan ku yi gwaji irin na jami'a a gonarku. Ku auna fili biyu masu girma ɗaya, a ƙasa iri ɗaya. Ku shuka iri ɗaya, rana ɗaya, ku yi noma ɗaya. Abu guda kawai za ku bambanta: misali, wannan da tassa, wancan babu. In kun bambanta abu biyu, ba za ku san wanda ya yi aiki ba. Ku rubuta ranar shuka da ranakun da aka yi ruwa. Da kaka ku ƙirga damman kowane fili, ku sussuka, ku auna da tiya, ku rubuta. Ku maimaita damana uku, don damana ɗaya tana iya ruɗin mutum. Wanda ya yi haka, in ya tashi magana gaban malamin gona, da hujja zai yi ta.

Kayen ya zauna a garinku, wurin da ruwa da gara ba za su taɓa shi ba. Mai bincike in ya so, ya kwafa da izininku, ya bar maku naku.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku bayan karatu:

1. Wane sani ne a garinku da mutum ɗaya ko biyu kawai suka rage da shi? Wa zai je ya rubuta shi a wannan mako?
2. Wace al'ada ce kuke shakka a kanta, kuke so a gwada?
3. An taɓa zuwa bincike a garinku? An dawo an gaya maku sakamako?
4. Wane gwaji za ku yi a damana mai zuwa, kuma a gonar wa?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malamin cibiya ya aiko mana. Za mu karanta wasu a rediyo, tare da sunan garinku.

Nan muka kawo ƙarshen hirar yau. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya ba mu damana mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.